Inda Rikoda Ta Tauna Waƙa

Shekaranjiya da hantsi Nazifi ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a Limawa, nan Dutse, kwamfuta a hammata, fuska a murtuke. Shi ma wai makaɗi ne, irinku yaran zamani. Ana ɗaukarsa biki ya je ya jona waya a lasifika, ya danna, ya koma gefe yana gyaɗa kai kamar shi ya haifi waƙar. An kai shi wani biki a Garki, manyan mata suka ce a sa musu wata tsohuwar waƙa da muke kira Mai Ƙararrawa, saboda da bugun ƙararrawa take farawa. Yana da ita kuwa, tas da ita. Ya sa. Ba a kai rabi ba wata dattijuwa ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗan nan, injinka ya lalace, ya tsallake wurin."

"Kawu," in ji shi, "wane wuri? Sau uku na sauko da ita daga wurare daban-daban, duk iri ɗaya ce. Sun ce wai in zo in tambaye ka."

Na ce to madalla, yau dai an samu abin da babu a waya. Tunda shi da ku abokansa kullum cewa kuke yi aikinmu na da ba komai ba ne, wai fiyano ke kiɗa mu muna murmushi, bari in ba ku labarin wurin. Amma sai kun fara jin yadda ake isa gare shi.

Waƙa irin wannan a situdiyon Kano ake yin ta, kuma ba a zama ɗaya ba. Mutum zai zauna ya ɗora ganga. Ya dawo ya ɗora kiɗan ƙasa mai kauri da muke kira bes. Ya dawo ya ɗora sarewa, ya ɗora goge, ya ɗora ƙararrawa, ya tashi ya sha shayi, gobe ya dawo ya gyara inda ya yi kuskure. Hawa bakwai, wani lokaci takwas, duk daga cikin fiyano suke fitowa. Sai a zuba a kaset a kai kasuwa. Mai biki ya ji ta yi masa daɗi, ya zo ya ce maka, "Haka nake so ka yi min, sak." Kai kuma hannu biyu Allah ya ba ka, kuma a filin biki ba a dawowa gobe a gyara. Abin da wani ya yi a kwana uku a ɗaki mai fanka, shi za ka yi a minti shida, rana tana dukan ƙeyarka.

A wurin Oga Sabo na koya, lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ma'aikata sun cika gari suna neman inda za su yi liƙi a gan su. Ni a lokacin tela ne, da gemuna da matata. Oga Sabo shi ke da kaya: fiyano ɗaya, lasifika biyu, makirfo, da wani janareta mai tarin asma. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa fiyanon ba sai dai in goge shi. Kaset yake ba ni da bairo. In saurari layi ɗaya, in cire kaset ɗin, in zura bairo in mayar da zaren baya da hannu don kada batir ya ƙare, in sake saurara. Sai ya ce, "Me ka ji?" In ce waƙa. Ya ce, "Jakin maƙwabcinmu ma waƙa ya ji. Kaya nawa ne a ciki?" Sai da na iya ware sarewa daga goge, na rera masa bes shi kaɗai da baki tun daga farko har ƙarshe, sannan ya matsa min na zauna a kujera.

Fiyanon nan haƙora sittin da ɗaya ne da shi, farare da baƙaƙe. Raba shi biyu ake yi, hannun hagu ya riƙe bes, na dama ya ɗauki duk sauran. Kowace murya da lambarta, kuma a tsakiyar waƙa za ka canza, cikin numfashi ɗaya na mawaƙiya. Na manna filasta a samansa na rubuta lambobin da jan bairo. Ka kuskure lamba ɗaya, maimakon goge sai ka ji jirgin sama ko haushin kare, don waɗanda suka ƙera abin sun zuba har da waɗannan, ban san wa ya roƙe su ba. Ya taɓa faruwa da ni a Kafin Hausa. Daidai inda ango zai shigo fili ana yi masa sarewa, yatsana ya zame, sai ga harbin bindiga a lasifika biyu. Ango ya riga abokansa kai wa ƙofa. Ga kuma janareta, in ya yi tari fiyano ya ɗauke ya dawo, ya manta duk abin da ka saita masa, kamar ɗan siyasa bayan zaɓe.

A can gefen hagu akwai wata 'yar taya, in ka murza ta sauti ya lanƙwashe ya yi ƙasa ko sama. Oga Sabo ya ce kayan wasan yara ce, kada ya ga hannuna a kai. Ku riƙe ta a ranku, za mu dawo kanta.

Kada ku ɗauka ku kuka ƙirƙiro lalaci. Tun a lokacin akwai kakanninku. Akwai maɓallin da in ka danna, fiyano ya yi ta kiɗa shi kaɗai. Wani ɗan'uwanmu a sana'a, ba zan kama suna ba don 'ya'yansa suna gaishe ni, shekara biyu yana karkaɗa yatsu a saman haƙora yana lumshe ido ana yi masa liƙi. Ranar da asirinsa ya tonu, kwanon fura aka miƙo masa, ya sa hannu biyu ya karɓa saboda ladabi, ya kafa kai ya sha, kiɗa bai tsaya ba.

Sai aka shigo shekarun shari'a. Ban zo yi muku gardamar addini ba, ni ma na yi kabbara tare da kowa. Amma a sana'armu shekarar farko kamar an yi ruwa an ɗauke. Ma'aikatan da ke yi mana liƙi har hula tana faɗuwa, su ne suka fara tsallaka titi in sun hango mu. Mai gangarmu ya koma sayar da rake. Mai jita ya tsayar da gemu cikin wata biyu ya koma waƙar yabo, da kiɗan nan dai da muka san shi da shi, kalmomi kawai ya canza, yana kuma tsayawa ya yi mana nasiha. Muka rage mu uku: Oga Sabo, ni, da Uwani mawaƙiyarmu, wadda muryarta kaɗai ta isa ta riƙe fili. Fiyano ya shiga buhu ya koma ƙarƙashin gadon Oga, wata bakwai. Ni na koma kan keken ɗinki ina ɗinka hijabai, waɗanda a shekarar suka fi komai kasuwa a Dutse.

Daga nan Oga Sabo ya fara zancen babur. Wani baƙo daga Kudu ya taya fiyanon, shi kuma ya ce zai sayar ya sayi babur ya shiga acaɓa kamar kowa. Na san in fiyanon nan ya fita daga gidan, ni da kiɗa sai a mafarki, don ko igiyar wutarsa ba ni da halin saye. Abin ya tsaya min a rai, ina ɗinki ina taka keke da bugun waƙa.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Garki. Hajiya Gambo, mai sayar da atamfa, za ta yi bikin autarta, malamar asibiti. Ta nemi yardar manyan unguwa, aka amince mata da sharaɗi: da rana za a yi, mata zalla a tsakar gida, makaɗa maza a bayan zana ba sa ganin kowa, a tsaya in an kira salla, a tashi kafin magariba. Ta ce waƙa ɗaya ce ta sa ta kira mu, Mai Ƙararrawa, kuma da hannu take so a kaɗa mata ita a gaban surukanta, don su san gidan da suka zo.

Oga Sabo ya jawo buhu daga ƙarƙashin gado ya ce min, "Wannan ne gwaji. In matan Garki suka yaba, wasu za su kira, mu ci gaba da ci a bayan zana. In suka yi tsaki, ka zo ka raka ni zaɓen babur."

Kwana tara na yi a kan waƙar. Na samo kaset na asali daga Kano, da ledarsa. Na ware ta hawa-hawa. Akwai inda sarewa da goge ke hawa kan juna, na samo yadda zan riƙe goge da babban yatsa, sauran yatsun suna sarewa. Na sake sabuwar filasta. Uwani ta zo muka yi ta bita har maƙwabta suka haddace. Rana ta tara na ce wa kaina, ko wanda ya yi waƙar nan ya ji ni sai ya tambaye ni yadda aka yi.

Bayan azahar muka kafa kaya a gindin wata darbejiya, zana a gabanmu, ta fi ni tsayi. Uwani tana ciki tare da mata, igiyar makirfo ta bi ta ƙarƙashin zanar. Na buga ƙararrawa, sai guɗa ta tashi. Na shigo da ganga da bes, na ji ƙafafu sun ɗauka gaba ɗaya. Ba na ganin kowa, amma mai kiɗa da kunne yake ganin fili. Baiti na farko ya wuce lafiya, amshi ya wuce, ina ta jin daɗin kaina. Muna shiga amshi na biyu sai na ji ƙafafun sun harɗe. Wata ta ce "A'a!" Wata ta yi salati. Daga nan aka daina rawa. Na ƙarasa waƙar ni da Uwani, ba kuskure ko ɗaya, muka tsaya. Ba abin da ake ji sai janareta.

Sai ga muryar Hajiya Gambo a jikin zana. "Malam Sabo, wa ka kawo min? Ɗan koyo?"

"Haba Hajiya, shi ne babban mai fiyanonmu."

"To ku bar wasa, ku yi mana ta gaskiya."

Na ɗauka gudun ne bai yi musu ba. Na ƙara kaɗan, muka sake. Daidai wurin nan dai aka sake watsewa, wannan karon har da dariya. Na ji wata daga can ciki tana cewa, "Ni da a kunna mana rikoda kawai mu huta." A sana'armu babu zagin da ya kai wannan. Oga Sabo ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Ja kake so ko baƙi?"

Na ce, "Me?"

Ya ce, "Babur ɗin."

Allah ya taimake ni aka kira la'asar. Na yi salla, amma ba zan rantse muku na san surar da liman ya karanta ba. Da muka dawo na matsa jikin zana na ce, "Hajiya, don Allah a miƙo min kaset ɗin da kuke ji a gidan nan." Sai ga rikoda ta saman zana, da 'yar rigarta ta saƙa. Kaset ɗin ciki ba hoto ba leda, da bairo aka rubuta sunan waƙar. Na kunna. Tun daga ƙararrawa na ji ta fi tawa gudu, ta kuma fi ta tsinin murya. Wannan mai sauƙi ne. Da aka zo amshi na biyu sai komai ya narke. Murya, sarewa, ganga, duk suka yi ƙasa tare a hankali, kamar mai magana barci ya kwashe shi. Aka yi haka tsawon taku huɗu. Sai ƙyat, waƙar ta yi tsalle ta dira rabin layi a gaba, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan. Rikoda ce ta tauna zaren. Daga baya na ji cikakken labarin. Mai sayar da kaset mutum ɗaya ne a kasuwarsu, Malam Hudu, kuma na asali guda ɗaya ya sayo daga Kano. Rikodarsa ta tauna shi, ya miƙar da inda ya yamutse da farce, ya yanke inda ya fi lalacewa da reza, ya haɗa da jan farcen matarsa. Daga wannan ya yi ta kwafa yana sayar wa gari, da injin da ya ɗan fi ƙa'ida gudu.

Uwani ta raɗa min ta jikin zana, tana danne dariya. "Wallahi a wurin nan duk suke yin ƙasa a hankali, hannu a ƙugu, har gwiwa ta kusa taɓa ƙasa, sai su zabura gaba ɗaya. Shi ne kan rawar. Da ka wuce kai tsaye rabinsu sun riga sun durƙusa. Hajiya ma sai da aka ɗaga ta, a gaban surukai."

Ni da wautata sai na ɗaga murya na ce, "Hajiya, ai kaset ɗinki ne ya lalace. Tamu ita ce ta asali."

"Ta asali a gidan wa?" in ji ta. "Shekara biyu muna rawa da ita. Garin nan kaf kaset ɗinsu ya lalace, kai kaɗai ne mai lafiya? In ba ka iya ba, ɗana, ka ce ba ka iya ba. Ba abin kunya ba ne."

Na ji haushi ƙwarai. Kwana tara ina gyara waƙa, yanzu an ce in ɓata ta, kuma in ɓata ta daidai. Amma na dubi fiyanon, na dubi Oga Sabo da ke kallon sama yana lissafin tayoyi, na haɗiye.

Mata sun zauna cin abinci, ina da kamar minti goma sha biyar. Ɗaga murya da ƙara gudu maɓalli biyu ne, an gama. Narkewar ce aiki. Ba abin da zai yi ta sai 'yar tayar nan da aka hana ni taɓawa. To amma tayar abin da nake bugawa da hannu kaɗai take lanƙwasawa, gangar cikin fiyano ba ruwanta, gudunta take yi. Ita sai an danna maɓallin rage gudu sau shida a jere, sannan a wurin tsallen a danna wani da na ajiye komai a cikinsa, ya mayar da ita yadda take. Hannun hagu ya tafi kan taya, don haka bes ya dawo kan babban yatsan dama, sarewa a kan ƙananan yatsu. Goge na yar da shi, na ce Allah ya ji ƙansa. Na ƙirga hannuwana, ba wanda ya rage na danna maɓalli.

Na ce, "Oga, kai za ka danna."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni? Shekara ashirin ina kiɗa, ni zan tsuguna in danna maka maɓalli?"

Na ce, "To ja nake so."

Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna.

Saura Uwani. Na ce mata, "In mun zo wurin, ki yi kamar batirinki ya mutu, sannan ki haɗiye rabin layi."

"Ni da muryata?"

"Ke da muryarki."

Muka rage sauti muka gwada sau biyu. Na farko Oga ya riga ni. Na biyu na murza tayar ta wuce, sarewa ta koma kukan saniya. Ba mu samu na uku ba, Hajiya ta ce an gama cin abinci.

Na buga ƙararrawa. Wannan karon ba guɗa, jira suke yi su ga ƙarshen ɗan koyo. Amma da ganga ta shigo da gudun da suka sani, na ji ƙafafu sun fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Baiti ya wuce, amshi ya wuce. Gumi yana ɗiga a kan filasta har jan bairon ya fara zuba. Muka shiga amshi na biyu. Na ɗaga hannun hagu na ɗora babban yatsa a kan taya, na gyaɗa wa Oga kai. Ya fara dannawa yana ƙirgawa da leɓe, ni ina jan tayar ƙasa a hankali, Uwani ta saki muryarta ta bi mu kamar mai suma. A bayan zana ƙafafu suka yi tsit, sai ƙarar awarwaro kawai da nishin manyan mata masu yin ƙasa. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na saki taya, Oga ya doki maɓallin, muka dira rabin layi a gaba mu uku tare.

Tsakar gidan nan ta zabura gaba ɗaya, har zana ta girgiza. Guɗar da aka yi sai da ta rufe janareta. Sau bakwai muka kaɗa waƙar kafin magariba, sau bakwai Oga Sabo yana tsugune. Da za mu tafi Hajiya Gambo ta zo jikin zana ta ce, "Ka gani? Da ma ka iya, taurin kai ne kawai."

Ba a sayar da fiyano ba. Kafin wata ya ƙare an kira mu ƙauyuka uku da ke cin kasuwar Garki, duk abokan cinikin Malam Hudu. Daga ranar na canza yadda nake aiki. Duk wanda ya zo ɗaukarmu sai in ce, a aiko min da kaset ɗin gidan, ba na kanti ba. Wani gari tasu a hankali take tafiya, don da batir mai rauni suka saba jin ta. Wani gari babu baiti na ƙarshe, don kaset ɗin ya ƙare kafin waƙar, in ka yi musu shi sai su ce ƙari ka yi. Haka muka ci shekarun nan a bayan zana har abubuwa suka lafa. Oga Sabo kuwa ya riƙa gaya wa mutane cewa shi ya ƙirƙiro salon taya, ni ya koya min. Malam Hudu har ya bar duniya bai san ya taɓa tsara waƙa ba.

Ranar da na ba Nazifi labarin nan, da na kai nan sai ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "To Kawu, ka tura min ita."

Na ce masa babu abin turawa. Hajiya Gambo ta rasu, rikodarta ta riga ta, kaset-kaset ɗin Hudu tuni yara suka warware zarensu suka yi wasa da shi. Wurin da yake nema a wuri biyu kawai ya rage, a gwiwoyin matan Garki da babban yatsana na hagu.

Sai ya ce ai akwai wani bikin a dangin nan na Garki a wata mai zuwa, kuma sun ce kada ya dawo sai da wurin. Na ce ba damuwa. Fiyano yana nan, Oga Sabo ya bar min shi kafin ya rasu. Uwani tana nan da jikokinta, ta ce yanzu ba sai ta yi ƙaryar mutuwar batir ba. Abin da na rasa kawai mai danna maɓalli ne, wannan kuwa aikin da aka haife ku da shi ne. Sau shida, in na gyaɗa kai.

Jiya da yamma muka gwada a zaure. Sau biyar ya danna.